Lallashin Fitila

Motar tana can ƙarshen yadin kamfanin fasa dutse, bayan tankin dizal, ita kaɗai. Bayanta ya lotsa ta gefen dama. Ruwan sama ya wanke jinin, amma laka tana nan daskare a jikinta har zuwa ƙofofi.

Auta ya ajiye wayarsa a ɗakin mai gadi, don dokar kamfanin ba ta yarda a shiga da waya ba, ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya wuce. Mai gadin bai tambaye shi komai ba. Garejin kawunsu ne ke gyara motocin kamfanin, an saba ganin Auta yana shiga da mitar gwada wuta a hannu, shi ne mai gyaran wayoyin mota. Abin da mai gadin ya ce kawai shi ne Allah ya kuɓutar da yayansa, ya yi saurin kawar da kai.

Yayan nasa, Dogo, shi ne direban motar. Yana tsare a wurin 'yan sanda tun ranar da abin ya faru.

Motar irin mai shiga daji ce, da ita ake fito da leburori daga ramin da ake fasa dutsen. Tana da makulli a aksil ɗin baya, wato ƙarfen da ke haɗa ƙafafun biyu. In direba ya danna maɓalli, wani ɗan inji zai tura ƙarfe ya ɗaure ƙafafun baya su riƙa juyawa tare, ta yadda in ɗaya ta faɗa santsi ɗayar za ta ja motar. In bai kulle ba, ƙafar da ke cikin laka za ta yi ta wulwulawa a banza, ɗayar ta tsaya tana kallo. Akwai sensa a jikin aksil ɗin, bai fi babban yatsa ba, shi ke gaya wa fitilar da ke gaban direba halin da ake ciki. In fitila tana ƙiftawa, bai kulle ba, a dakata. In ta tsaya cak, ya kulle, a tafi.

Ranar an yi ruwa. Dogo ya ɗauko leburori ya kama hawan da ke fita daga ramin. A tsakiyar hawan ƙafa ɗaya ta fara wulwulawa, motar ta tsaya, sannan ta zame da baya. Wani lebura ya diro don ya tsira, bayan motar ya haɗa shi da dutse. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Kamfanin ya ce direba ne ya yi ganganci, ya hau ba tare da ya kulle ba. Dogo ya ce ya danna, ya duba, fitila ta tsaya. Maganar da ya maimaita wa Auta ke nan ta tsakanin ƙarafuna, muryarsa a dishe.

"Da idona na gani, Auta. Ta tsaya. Ni ba yau na fara hawan nan ba."

An sa ranar da jami'in duba motoci zai zo ya gwada motar a gaban injiniyan kamfanin. Abin da ya rubuta shi zai je gaban alƙali. Shi ya sa Auta ya riga shi zuwa.

Ya ɗaura kan batir. Mabuɗin yana jiki. Ya zauna a kujerar yayansa, wadda aka ja baya har ƙarshe saboda tsawon ƙafafun mai ita, ya murɗa mabuɗin ba tare da ya tayar da injin ba, ya danna maɓallin. Fitilar ta kama, ta tsaya cak.

Ya daɗe yana kallonta. Dogo bai yi ƙarya ba.

Sai dai abin bai kwanta masa ba. Lafiyayyen makulli ba ya kamawa nan take. Sai fitila ta ɗan ƙifta tukuna, kafin haƙoran ƙarfen su sami juna. Wannan kuwa tana jin yatsa ta tsaya. Ya kashe, ya buɗe ƙofa, ya leƙa da kansa waje, ya sake dannawa yana sauraro. Bai ji kukan ɗan injin ba.

Ya sa dutse a ƙafafun gaba, ya fitar da giya, ya kafa jak ya ɗaga ƙafar baya ta hagu. In da makullin ya kama, ko ƙato ba zai iya juya tayar nan ba, tunda 'yar'uwarta tana ƙasa. Ya kama ta da hannu ɗaya ya ja. Ta juya ba musu, laka tana zubowa. Ya leƙa gaban motar. Fitila tana nan tana cewa an kulle.

Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi. Da bakin sukudireba ya kankare lakar da ta rufe sensan, ya zare soket ɗinsa gaba ɗaya, ya fito ya sake dubawa. Fitila ba ta ko gezau ba. Wato ba sensan take saurare ba. Ya koma ya kwance sensan da sifana, ya goge shi a rigarsa, ya ɗora masa wayoyin mita. Shiru. Ya danna kan sensan da yatsa, mita ta yi ƙara. Ya saki, ta yi shiru. Sensan lafiyarsa ƙalau. Ya sassauta noti ɗaya a murfin ɗan injin, ruwa mai tsatsa ya ɗigo masa a wuya, yana wari. Ɗan injin ya daɗe da mutuwa. Duk tsawon lokacin nan sensan gaskiya yake faɗa, wani ne ya toshe masa baki.

Ya mayar da notin. Ya kama wayoyin sensan ya bi su da yatsa, sama, ta bayan tankin mai, inda ido ba ya kaiwa. Can ya ji kumburi. Ya jawo shi fili a hankali.

An fere wayoyin biyu an murɗe su wuri ɗaya. Ba a naɗe su da baƙin tef ba. Da siririyar roba aka naɗe, wadda aka yanko daga tsohon tub na taya, aka ja ta tamau aka ƙulle bakinta. Ya ɗan ɗaga gefen robar da farce. An murɗa wayar ta hagu.

Auta ya kwanta a kan kwalin, ya zuba wa cikin motar ido.

A duk masu gyaran da ya sani mutum ɗaya ne ke naɗe waya da robar tub, don ya ce tef na ragwaye ne, ruwa yana taɓa shi yake saki. Mutumin bahago ne. Shi ya ɗauke su shi da Dogo bayan rasuwar mahaifinsu, ya sa su makaranta, ya koya wa Dogo tuƙi a bayan gareji, ya koya wa Auta fere waya da haƙori. Kawu ne, yayan Inna mahaifiyarsu, uwa ɗaya uba ɗaya.

Kawu yana da suna da ya raɗa wa wannan aikin. Lallashi yake ce masa. A wurinsa sensa maƙaryaci ne, galibi ƙarfe yana aikinsa, ɗan banzan ne ke tayar wa mai mota da hankali. In fitila ta dami mai mota, ga shi babu sabon sensa a kasuwa, sai Kawu ya haɗe wayoyin ya ce an lallashe ta. Kuma sau da yawa yana da gaskiya. Motoci nawa ne ke yawo a gari da lallashin Kawu, ba abin da ya same su.

Auta ya tuna ranar. Kafin damina ta kankama Dogo ya kawo motar yana cewa fitilar makulli ta ƙi daina ƙiftawa. Shi Auta an aike shi wani aiki. Da ya dawo ya tambaya, Kawu ya ce an gama, sensa ne yake surutu. Ba wanda ya ɗaga taya ya juya.

Ya mayar da komai yadda ya same shi. Ya tura ƙullin robar bayan tanki, ya ɗaure sensan, ya sa soket, ya sauke jak, ya cire kan batir.

Ofishin injiniya yana kan hanyar fita. Motarsa tana bakin ƙofa, na'urar sanyi tana ɗiga a jikin bango. Auta ya tsaya a wurin da akwatinsa a hannu. Shiga kawai zai yi ya ce a zo a gani. Amma a garejin Kawu akwai doka tun kafin Auta ya iya riƙe filaya: ba a gaya wa mai mota ciwon motarsa sai Kawu ya ji tukuna. Ya taɓa shan mari a kan wannan. Bayan dokar kuma akwai wani abu. Bai ga yadda zai miƙa sunan Kawu ga baƙo ba, alhali Kawu yana zaune a gareji bai san komai ba.

Ya wuce ya karɓi wayarsa.

Ya tarar da Kawu a ƙarƙashin rumfar kwano, a kan tsohuwar kujerar mota da ya mayar wurin zama, yana wanke fulogi a cikin gwangwanin fetur. Tabaransa, wanda aka ɗaure hannunsa ɗaya da waya, ya zamo har kan hanci. Tun da aka kama Dogo, Kawu ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Malam Mita," in ji shi, bai ɗago ba. "Me na'urar taka ta ce? Ta yi maka kukan nata?"

Auta ya jira masu aiki suka tafi cin abinci. Sannan ya tsuguna a gabansa ya faɗa masa, daki-daki, kamar yadda ake ba shi rahoton kowace mota: fitila, taya, soket, mita, ruwan tsatsa. Robar tub ya bari a ƙarshe.

Kawu ya ci gaba da goge fulogin da ya riga ya fita tas. Can ya tambaya ko an murɗa ta hagu. Auta ya ce ta hagu. Kawu ya gyaɗa kai. Ya ce shi ya ɗauka sensa ne. Ya ce a ranar motoci sun yi yawa, kamfanin yana ta kira, Dogo kansa yana tsaye yana cewa a yi sauri leburori suna jira. Ya faɗi haka sau biyu, na biyun kamar da kansa yake.

"Wa ka gaya wa?"

"Babu kowa, Kawu. Nan na fara zuwa."

Kawu ya cire tabarau ya murza idanunsa da bayan hannu, baƙin mai ya shafu a fatar idon. Ya ce Auta ya yi abin da ɗan halak zai yi. Ya ce Dogo ɗansa ne, shi ya goya shi a kafaɗa, ba zai zauna yana kallo a ɗaure shi a kan aikin hannunsa ba. Amma kada maganar ta fito daga bakin yaro, abin kunya ne a ce ɗan da ya raina ne ya nuna shi.

"Bar mini," ya ce. "Ni zan je da ƙafata in faɗa musu da bakina."

Auta ya gaskata shi. Ya karɓi fulogin daga hannun Kawu ya jera a kan tsumma.

A gida Inna tana guga. Rigunan Dogo take gogewa, waɗanda ta riga ta goge, ta ninke ta sake warewa. Matar Dogo tana zuba abinci a kula don a kai masa. Da can ba ta ganin Auta ba ta tsokane shi ba, ƙaramin miji take ce masa, ta ce in ya ƙi yin aure ita za ta haƙura da shi haka. Yanzu sai dai ta miƙa masa kular ta ce a ce masa yarinya tana gaishe shi.

Auta ya ce musu ya duba motar, Dogo yana da gaskiya, fitilar ce ta yaudare shi, kuma za a gani ranar gwaji. Bai ƙara komai ba. Inna ta ajiye dutsen guga ta ɗaga hannuwa. Ta ce dama Yaya, wato Kawu, ya ce mata kada ta damu, shi yana tsaye. Ta ce ba don Yaya ba da ba ta san inda za ta sa kanta da su ba tun suna ƙanana. Auta ya ɗauki kular ya fita.

Kwanakin da suka biyo baya Kawu bai sake tayar da maganar ba. Wata safiya bai zo gareji da wuri ba, da ya zo gwiwoyin wandonsa da laka. Auta ya dube shi. Kawu ya ce ya je kamfanin, injiniya ba ya nan, amma magana tana nan yadda suka yi, ranar gwaji zai faɗa a gaban kowa, ya fi. Auta ya ga lakar. Ya ce a ransa hanyar kamfanin duk laka ce.

Ranar gwaji rana ta buɗe. Jami'in duba motoci gajere ne mai tumbi, ya zo da ɗan sanda guda. Injiniya yana tsaye da hular kwano. An kira Kawu a matsayin mai garejin da ke kula da motar, Auta yana bayansa da akwati. Can nesa, jikin waya, wani dattijo yana tsaye da hannuwa a baya. Mai gadi ya raɗa wa Auta cewa mahaifin mamacin ne.

Jami'in ya ce a ɗaura batir. Auta ya ɗaura. Jami'in ya hau kujerar Dogo, ƙafarsa ba ta kai ƙasa sosai ba, ya yi wasa da cewa direban nan raƙumi ne ko mutum. Ba wanda ya yi dariya sai ɗan sandan. Ya murɗa mabuɗi ya danna maɓallin.

Fitilar ta ƙifta. Ta sake ƙiftawa. Ta ci gaba.

Suka jira. Ba ta tsaya ba. Jami'in ya kashe ya sake dannawa, haka. Ya sa aka ɗaga taya, ta juya. Ya ce to magana ta fito: makullin ya lalace, wannan gaskiya ne, amma fitila tana faɗa, ga ta nan kowa yana gani. Direban da ya ga fitila tana ƙiftawa ya ɗauki mutane ya kama hawa cikin ruwa, shi ya san abin da ya taka. Injiniya ya ce abin da suke faɗa ke nan tun farko, kuma da direban ya kawo rahoto da an gyara.

Auta bai san lokacin da ya shige ƙarƙashin motar ba, ko kwali bai shimfiɗa ba. Ya tura hannu bayan tanki. Babu kumburi. Ya jawo wayoyin. An yanke wurin da aka fere, an sa wani guntu daga tsohuwar mota mai launi iri ɗaya, an haɗa can ciki, an mayar cikin bututun roba na asali. An shafe komai da laka, ta bushe. A wuri ɗaya ya ga shatin babban yatsa.

Ya fito. Ya ce wa jami'in ba haka motar take ba. Ya ce shi ya duba ta kafin yau, fitilar tsayawa take yi, an haɗe wayoyin sensa an naɗe da roba, wani ya zo ya cire.

Jami'in ya tambayi ko shi wane ne. Injiniya ya ce ƙanin direban ne. Jami'in ya ce af. Ya tambaya ko ya ɗauki hoto. Auta ya ce ba a shiga da waya. Ko ya nuna wa wani a lokacin? Auta ya ce ya gaya wa mutum ɗaya. Ya juya ya dubi Kawu.

Kowa ya dubi Kawu. Yana tsaye da hularsa a hannu, yana murza bakinta. Jami'in ya ce, Baba, kai ne mai gareji, akwai wani haɗi da aka yi a motar nan?

Kawu bai dubi Auta ba. Tayar da ke sama ya duba, tana ɗan juyawa ita kaɗai.

"Ranka ya daɗe, yaron ɗan'uwansa yake ji. A yi masa uzuri."

Jami'in ya ce ya gane, kowa da nasa. Ya dafa kafaɗar Auta ya ce ya ci sa'a ba zai rubuta cewa ya taɓa motar da ake bincike a kanta ba. Ya ce a sauke jak. Auta ne ya sauke, don babu wanda zai yi sai shi. Dattijon da ke jikin waya ya juya ya tafi a hankali.

Auta da Kawu ba su hau abin hawa ɗaya ba. Da Auta ya isa gareji Kawu ya riga shi, yana kan kujerarsa, ba komai a hannunsa. Masu aiki sun ga fuskar Auta, kowa ya sami abin yi a can baya.

Auta ya tsaya a kansa. Bai tsuguna ba. Tun da yake bai taɓa yi wa Kawu magana a tsaye ba.

Kawu ne ya fara. Ya ce wallahi ya je da niyyar faɗa. Har ƙofar injiniya ya kai. Sai ya ce bari ya fara gani da idonsa, ko yaron ya yi kuskure. Da ya kwanta ƙarƙashin motar ya taɓa robar, sai hannunsa ya yi aikinsa. Ya ce yana da ƙananan yara a gida, garejin nan baki nawa yake ciyarwa, har da na Inna. Ya ce Dogo da sauran ƙarfinsa, ko an ɗaure shi zai fito ya ci gaba da rayuwa.

"Ni in na shiga, gawata za a fito da ita."

Auta ya ce ai da cirewa kawai ya yi, da sauƙi. Amma ya tsaya a gaban mutane ya mayar da 'ya'yan ƙanwarsa biyu maƙaryata.

Kawu ya ce ya sani.

Auta ya shiga ɗakin ajiya ya fara tattara kayansa: mita, filaya, abin fere waya, fitilar gwaji. A kan kanta akwai tsohon gwangwanin madara da Kawu ke tara guntayen waya, don Kawu ba ya yar da waya komai ƙanƙantarta, ya ce wata rana za ta yi rana. Auta ya wuce shi, ya dawo. Ya juye shi a kan teburi.

Tana ciki. Wayoyi biyu murɗe, robar tub naɗe tamau, da sauran laka a ƙullin. Kawu ya yanke ta, ya ɓoye aikinsa, ya yi ƙarya a gaban hukuma, amma bai iya jefar da guntun waya ba.

Auta ya juya ta a tafin hannunsa. A jikin mota shaida ce. A nan guntun waya ce kawai, irinta cike da gwangwani. Duk da haka ya kai wa lauyan da aka ba Dogo. Lauyan ya ɗaga ta ya duba, ya ce zai gwada, amma wa zai ce daga wannan motar ta fito, ban da ƙanin wanda ake tuhuma? Ya mayar masa.

An mayar da Dogo gidan yari kafin a fara shari'a. Ɗakin ziyara dogo ne, da benci a kowane gefe da ragar waya a tsakani, kowa yana ɗaga murya don a ji shi. An aske wa Dogo kai. Ya sunkuyo don fuskarsa ta zo daidai da ta Auta. Ya tambayi Inna, ya tambayi yarinya, ya ce a gaya wa matarsa ta rage gishiri, ko so take ta kashe shi kafin alƙali. Ya yi ɗan murmushi, ya ɓace.

Sannan ya ce ya ji yadda gwajin ya kasance. Ya ce tun da ya ji yake tunani. Ana ruwa, gilas ya yi hazo, leburori suna ta surutu a baya. Ƙila ƙiftawa take yi shi bai lura ba. Ƙila abin da yake so ya gani ne ya gani. Ya ce yana ganin mutumin in ya rufe ido, yadda ya diro, da takalminsa ɗaya da ya fita.

"In ni na kashe shi, Auta, gara in sani."

Auta ya dubi gandiroban da ke bakin ƙofa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da guntun wayar, ya manna ta a jikin ragar.

Dogo ya matso. Ya dubi robar, ya dubi ƙullin. Ya sa ɗan yatsa ta ramin ragar ya taɓa inda aka murɗa. Shi ma a garejin ya tashi.

"Hagu," ya ce a hankali.

Auta ya ce a bayan tanki ya same ta. Fitilar ta tsaya, kamar yadda Dogo ya faɗa. Ya ce zai tsaya a gaban alƙali ya faɗa, ko an yarda ko ba a yarda ba, kuma zai kira sunan mai aikin.

Dogo ya jingina goshinsa da ragar, kafaɗunsa suna motsi, amma da ya ɗago idonsa a bushe yake. Ya tambaya ko Inna ta sani. Auta ya ce a'a, har yanzu kullum sai ta aika wa Kawu da gaisuwa, tana cewa yana ta faɗi-tashi a kansu.

"In ka kira sunansa, a ɗakin shari'a za ta ji," in ji Dogo. "Kuma ba za su sake ni ba."

Auta ya ce ya sani.

Gandiroba ya buga ƙarfe, lokaci ya yi. Mutane suka fara miƙewa. Dogo bai ce ya faɗa ba, bai ce ya bari ba. Ya miƙe, kansa ya kusa taɓa silin, ya bi layi. A bakin ƙofa ya waiwayo ya ce a kawo masa rigar sanyi.

Auta ya mayar da wayar aljihu ya fito. A bakin titi ya tsaya da kular da babu komai a ciki. Motar da za ta bi ta unguwarsu ta zo ta tsaya, yaron mota yana kira. Inna tana can tana jira ya dawo ya gaya mata yadda ya sami Dogo. Ya bar motar ta wuce, ya kama hanya da ƙafa.